Alheri, Biyayya da Tsoron Allah a Bakin Kirista Mai Jin Hausa



Sana'ata nazarin harshe ce, saboda haka ba wa'azi na zo yi ba. Kalmomi uku na kawo muku, watau alheri, da biyayya, da tsoron Allah, ina so mu duba abin da Kirista mai jin Hausa yake nufi in ya faɗe su. Wanda ya taɓa aiki a kudancin Jihar Jigawa, a ƙasar Birnin Kudu ko ta Gwaram inda Farin Dutse take, ya san ƙasar Musulmi ce tun da daɗewa. Amma kuma ya san akwai Kiristoci tsiraru a cikinta, waɗansu Warjawa, waɗansu jikokin Maguzawa, waɗansu kuwa baƙi ne da aiki ya kai su. Yawancinsu da Hausa suke addu'a, da Hausa ake yi musu wa'azi. Malamin makaranta ko malamin asibiti da aka tura can zai ji suna ambaton alherin Allah da tsoron Allah, ya ɗauka ya gane sarai, tun da kalmomin nasa ne. A nan ake samun tuntuɓe. Na sha jin Musulmi yana cewa ai Kirista ya ɗauka an riga an ɗauke masa zunubi, saboda haka sai ya yi abin da ya ga dama. Na kuma sha jin Kirista yana cewa ai Musulmi sayen Aljanna yake yi da aikinsa. Duka biyu jin kiɗa ne daga nesa.

Bari mu fara da yadda kalmomin suka shiga majami'a. Wani Bajamushe mai aikin mishan, J. F. Schön, wanda ya biyo ayarin binciken kogin Kwara a 1841 tare da Samuel Ajayi Crowther, shi ya fara juya littattafan Kirista zuwa Hausa. Mai taimaka masa wani saurayi ne Bahaushe, Dorugu, wanda Heinrich Barth ya tafi da shi Ingila. Bisharar Matiyu ta fito a 1857, Sabon Alkawari kuma a 1880. Sai dai Hausar Schön ta mutumin da bai zauna ƙasar Hausa ba ce, ba ta yi nisa ba. Wanda aikinsa ya kama ƙasa shi ne Dokta Walter Miller, wanda ya iso Kano a 1900 cikin ayarin Bishop Tugwell, Sarki Alu ya sallame su, daga baya ya zauna birnin Zariya a 1905. A 1913 waɗansu mutane suka zo wurinsa, jikokin wata jama'a da ake kira Isawa. Bisa ruwayar da zuriyarsu ta adana, almajiran wani Malam Ibrahim ne, wanda aka kashe a Kano zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi saboda yadda ya ɗaukaka matsayin Annabi Isa, suka watse zuwa kudancin ƙasar Kano da wajen Ningi, watau maƙwabtan Birnin Kudu da Gwaram. Su Isawa ba Kiristoci ba ne tun asali, masu karatun allo ne. Waɗanda suka bi Miller aka tara su a Gimi, ciwon barci ya yi musu ɓarna, 'ya'yansu suka koma Zariya, sa'an nan Wusasa sa'ad da mishan ya ƙaura can a 1929. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, sabon juyi kuma a 1979.

Na kawo wannan tarihi ne domin abu guda. Hausar da aka juya littafin a cikinta ta riga ta sha Musulunci shekaru ɗaruruwa, waɗansu daga cikin masu karanta shi na farko kuwa 'ya'yan malamai ne. Masu fassara ba su da wata rijiya dabam da za su ɗebo kalmomi. Allah, da zunubi, da tuba, da ibada, da sujada, da zakka, duk da su aka yi aiki.

To, akwai wata kalmar Girkanci a Sabon Alkawari, karis, wadda Manzo Bulus ya ɗora koyarwarsa a kanta. Ma'anarta tagomashin da babba yake yi wa ƙarami ba don ya cancanta ba. Kiristocin Larabawa ni'ima suke ce mata. Hausa tana da ni'ima, tana da rahama, da falala, da baiwa, da jinƙai, amma masu fassara suka tsallake su suka ɗauki alheri, wadda ita ma ararriya ce daga Larabci, amma ta daɗe da zama 'yar gida har ta shiga kasuwa da ɗakin amarya. A ganina zaɓen ya yi kyau, kuma dalilin kyansa shi ne ainihin maganata ta yau.

Ga abin da Kirista ya gaskata, a taƙaice. Ɗan Adam ya yi wa Allah laifin da ba shi da abin biya. Allah ne da kansa ya ɗauki nauyin sulhu, ta wurin mutuwar Yesu Almasihu da tashinsa. Ceto kuwa kyauta ne, ana karɓarsa da bangaskiya, ba ladan aiki ba ne, domin kada kowa ya sami abin fahariya. Wannan shi ne abin da ke cikin sura ta 2 ta wasiƙar Afisawa. Amma aya ta gaba a wurin ta ce an ceci mutum ne domin ya yi kyawawan ayyuka. Wasiƙar Yakubu kuwa, a sura ta 2, ta kwatanta bangaskiyar da ba ta haifi aiki ba da gawa. Tun a zamanin Bulus akwai masu cewa, in alheri yana ƙaruwa inda zunubi ya yawaita, ai sai a ƙara zunubin. Ya yi musu tas a sura ta 6 ta Romawa. Kun ga zargin nan da na ambata da farko ba sabo ba ne, a cikin gida aka fara yin sa.

Rigimar ba ta kwanta ba. A farkon ƙarni na 5 wani mai zuhudu daga Birtaniya, Felajiyus, ya ga lalacin masu kuɗin birnin Rum, ya ce tun da Allah ya yi umarni, lalle mutum yana iyawa, kada kowa ya fake da rauni. Agustin, bishop na Hippo, garin da ake kira Annaba a Aljeriya yanzu, ya ce a'a, nufin ɗan Adam kansa ya gurgunce, ikon yin biyayyar ma kyauta ne. Majalisar Kartaj ta 418 ta bi Agustin. Ɗalibai su lura, a ƙasar Afirka aka yanke wannan shari'a. Bayan shekara dubu da ɗari, a 1517, Martin Luther ya tayar da ita a Jamus saboda sayar da takardun sassaucin horon zunubi. Ya tsaya a kan bangaskiya kaɗai, har ya rage darajar wasiƙar Yakubu. Katolika suka amsa a Majalisar Tirent a 1547, suka ce lalle alheri ne yake fara zuwa, amma mutum yana ba da haɗin kai, ayyukansa kuma suna da lada. Sai a ranar 31 ga Oktoba 1999, a birnin Augsburg, wakilan Katolika da na Lutheran suka sa hannu a takarda guda, suka yarda cewa karɓar mutum wurin Allah alheri ne tsantsa, kyawawan ayyuka kuwa 'ya'yansa ne. Kusan shekara ɗari biyar ke nan kafin a kai ga wannan.

Ina da ra'ayin cewa tsohuwar da ke surfe a Farin Dutse ta fi waɗansu malaman Turai saurin gane bakin zaren, domin Bahaushe ya rarrabe hannun da ke bayarwa daki-daki. Akwai ladan ƙodago, wanda haƙƙi ne, in an hana ka ka kai ƙara. Akwai biki, wanda mata suke yi tsakanin tsara da tsara: kin kawo mini kwano a sunan ɗana, in rama miki a auren 'yarki, sau da yawa ma in ninka, Baba ta Karo ta ba da labarinsa a littafin da Mary Smith ta fitar a 1954. Akwai gaisuwa, wadda take hawa daga ƙasa zuwa sama. Akwai toshiyar baki, wadda ba sai na yi wa ma'aikata bayaninta ba. Sa'an nan akwai kyauta, wadda take gangarowa daga mai shi zuwa marar shi. Abin da Bulus yake faɗa, in an zuba shi a wannan ma'auni, shi ne ceto ba ladan ƙodago ba ne, ba biki ba ne tun da Allah ba shi da tsara, ba a kuwa sayo shi da gaisuwa. Kyauta ce.

Amma wane Bahaushe ne ya taɓa ɗauka cewa kyauta tana ƙarewa a tafin hannu? A ce wani manomi ne rumbunsa ya ƙare tun bazara, ga iyali. Maƙwabcinsa ya aiko masa da dami biyar na gero, ya ce ba rance ba ne, kada ma a tayar da maganar. Damina ta faɗi, maƙwabcin ya kira gayya. Wa za a fara gani a bakin gona da fartanya? In ka tambaye shi ko geron yake biya, zai ji haushi, domin ka mai da mutunci ciniki. In kuwa ya ƙi zuwa, ya wuce maƙwabcin a hanya ko sannu babu, ba wanda zai kai shi gaban alƙali, gama ba a bin sa bashi. Amma garin duka ya san sunansa: butulu. Tsakanin biyan bashi da butulci akwai wata hanya ta uku, kuma a kanta Kirista yake ajiye biyayya. Hausawa suka ce yaba kyauta tukwici. Kowa ya san tukwici ba kuɗin kaya ba ne. Wanda aka aiko wa doki ya ba ɗan aike kuɗin doki cif, ya zagi mai kyautar. Wanda kuma ya sallami ɗan aike hannu rabbana, ya nuna bai san abin da aka yi masa ba.

Abin sha'awa, ita kalmar karis a Girkanci tana ɗauke da ma'ana biyu, kyautar da kuma godiyar da ake yi saboda ita. A 2015 wani malamin Jami'ar Durham a Ingila, John Barclay, ya fitar da babban littafi a kan Bulus da kyauta, inda ya nuna cewa mutanen zamanin Bulus ba su san kyautar da ba ta ƙulla zumunci ba, wannan tunani na Turawan baya-bayan nan ne. A cewarsa, abin da ya bambanta alherin da Bulus yake wa'azi shi ne ba a duba cancantar mai karɓa, ba wai ba a sa ran komai daga gare shi ba. Malamin ya sha wahalar shafi ɗaruruwa kafin ya iso inda 'yan gayya suke tsaye. Haka kuma tsarin yake tun a Attaura: a sura ta 20 ta littafin Fitowa, kafin a jera dokoki goma, sai da aka tuna wa Isra'ilawa wanda ya fisshe su daga bautar Masar. Fitarwa ta riga doka.

Sai dai kwatance ba ya rasa inda ya gaza, kuma wannan ya gaza a wuri biyu. Bahaushe yakan zaɓi inda zai zuba alherinsa. Da ya ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza, akwai ɗan lissafi a ciki. Koyarwar Kirista kuwa, a sura ta 5 ta Romawa, ita ce an yi wa mutane alherin tun suna maƙiya. Na biyu, manomin nan da ƙarfin damtsensa ya je gayya, amma sura ta 2 ta Filibiyawa, bayan ta umarci masu bi su himmantu ga cetonsu cikin tsoro, nan take ta ce Allah ne yake aikata niyyar da aikin a cikinsu. Watau fartanyar ma ta mai geron ce. Akwai kuma haɗarin da kalmar take jawowa daga gida. Masu wa'azin arziki, waɗanda suka yawaita a Nijeriya tun daga shekarun 1980, sukan ce ka shuka iri, ka ba da dubu Allah ya mayar maka da dubu goma. Wannan biki ne aka sa wa rigar alheri, kuma Kiristoci da yawa, fastoci da malamansu, sun fi kowa sukar sa.

Yanzu sai tsoro. Littafin Karin Magana ya sa tsoron Ubangiji a matsayin tushen hikima, wasiƙar Yahaya ta fari kuwa, a sura ta 4, ta ce ƙauna in ta cika takan kori tsoro. Mai karatu da sauri zai ce sun yi karo. Agustin ya warware da misalin mata biyu: ɗaya tana tsoron kada mijinta ya dawo ya kama ta, ɗaya tana tsoron kada mijinta ya tafi ya bar ta. Dukansu tsoro suke ji, amma ba iri ɗaya ba. Malaman da suka biyo baya suka kira na farko tsoron bawa, na biyu tsoron ɗa.

A nan ma Hausa ta fi wadata. Muna da fargaba, da firgita, da razana, waɗanda ake ji game da kura da ɗan fashi. Muna kuma da kwarjini, da ganin girma, da kunya, da jin nauyi. Ɗan da ya tuɓe takalmi ya tsuguna gaban mahaifinsa, ba ya kiran sunansa, ba ya haɗa ido da shi, ba bulala yake gudu ba, ya riga ya fi ƙarfin bulala. Nauyinsa yake ji. Kirk-Greene, a laccarsa a kan mutumin kirki wadda aka buga a 1974, ya lissafa kunya da ladabi cikin halayen da Bahaushe yake auna mutum da su. Ga wani abin da ya daɗe yana burge ni: kalmar Ibrananci ta ɗaukakar Allah, kabod, daga tushen da ke nufin nauyi ta fito, kuma da wannan tushe aka yi umarnin girmama iyaye. Da a ce ni aka tambaya, a wurare da yawa da jin nauyin Allah zan fassara, ko da yake na san tsoron Allah ya riga ya zauna a bakin jama'a, ba mai tayar da shi. Kalmar Ubangiji ma, in an fasa ta, uban giji ce, watau uban gida, wanda ake ci daga hannunsa ake kuma jin nauyinsa.

Musulmin da ke zaune a nan ba baƙo ba ne ga wannan awo. Malamai sun daɗe suna karantar da cewa mumini yana tafiya ne tsakanin tsoro da kyakkyawan fata, Imam Gazali ya keɓe wa batun littafi guda a cikin Ihya, akwai kuma hadisi a Buhari da Muslim mai nuna cewa ba wanda aikinsa kaɗai zai shigar da shi Aljanna sai da rahamar Allah. Saboda haka Kiristan da ya ce Musulmi ciniki yake yi bai san Musulunci ba. Bambancin da ke tsakani na gaske ne, kuma ba a nan yake ba. Kirista ya rataya alherin a kan gicciye da tashin Almasihu, abin da Musulmi bai yarda ya auku ba. Gara a san inda aka rabu da a yi ta faɗa a inda ba a rabu ba.

Wanda kuma yake zaton Kiristan ƙauye sakakke ne, bai taɓa ganin an sa mutum a ƙarƙashin horo ba. Yawancin majami'un ƙasar nan daga mishan na Furotesta suka fito, musamman SIM, wadda ta fara a 1893, ta haifi ECWA a 1954. Sun zo da wa'azin alheri kaɗai, amma suka zo da dokoki masu tsauri: ba giya, ba tsafi, ba mace ta biyu. Wanda ya yi laifi a fili akan sanar a gaban jama'a, a hana shi jibin Ubangiji da kowane muƙami har wani lokaci. Masu goyon bayan wannan suna da hujja. Wani fasto Bajamushe, Dietrich Bonhoeffer, ya rubuta littafi a 1937 yana kukan abin da ya kira alheri mai araha, watau gafara ba tare da tuba ba, a lokacin da majami'u da yawa suka sunkuyar wa Hitler da kai. Shi kuwa aka rataye shi a 1945. Amma in horo ya yi yawa, sai talaka ya koma auna matsayinsa wurin Allah da jerin abubuwan da ya bari, ladan ƙodago ya dawo ta ƙofar baya.

Inda abin ya fi ciwo shi ne maganar mata. Bamaguje mai gandu, da mata biyu ko uku da ya aura bisa al'ada tun kafin ya ji wa'azi, ya zo yana neman baftisma. In aka ce sai ya saki sauran, an ɗora sharaɗi a kan abin da aka ce kyauta ne, kuma wadda za ta biya kuɗin biyayyarsa ita ce matar da za a kora da 'ya'yanta, wadda ba ta yi laifin komai ba. In aka karɓe shi haka, dattawa suna tsoron samari za su ce ƙofa ta buɗe. Taron bishop-bishop na Angilika a Lambeth ya yanke a 1888 cewa irin wannan mutum ya tsaya a matsayin mai koyo, kada a yi masa baftisma. Bayan shekara ɗari cif, a 1988, bisa roƙon bishop-bishop na Afirka ta Gabas, taron ya sauya: a yi masa baftisma tare da matansa da 'ya'yansa masu bi, kada a tilasta masa sakin kowa, muddin ya yi alkawarin ba zai ƙara aure ba, jama'ar majami'ar wurin kuma sun yarda. Wannan hukunci na Angilika ne kaɗai, bai ɗaure sauran ɗariƙu ba, kuma ko a cikin Angilika ya bar wuƙa da nama a hannun jama'ar wurin. Saboda haka a ƙauyukan da muke magana, dattawa biyar ko shida ne a kan benci, waɗanda suka san mutumin, suka san matansa da sunayensu, za su zauna su yanke.